Layi Huɗun da Aka Soke

Layi huɗu ne kawai. Na rubuta su a ƙasan takardar da za a manna a jikin kwalba, Farfesa ya dawo min da ita ya bi su da jan biro, zare ɗaya daga sama har ƙasa, da ƙarfin da ya sa takardar ta huje. A gefe ya rubuta cewa nan ba wurinsu ba ne.

Ga abin da suka ce. Mai shan wannan magani kada ya ci tsohon cuku, ko naman da aka shanya ya daɗe, ko duk abin da aka ajiye da gangan har ya yi tsami. Kada ya sha maganin mura ko na tari. Kada ya haɗa shi da ƙwayar ciwon damuwa ta asibiti. In kansa ya sara daga ƙeya, ya nufi asibiti a take.

Ba ni na ƙago su ba. Daga bakin kakata na kwaso su, na dai gyara musu zama. Maganin ma nata ne: 'ya'yan wata ciyawa ƙanana baƙaƙe da ɓawon wani icce, tana bai wa masu ciwon da ita take kira nauyin zuciya, mu kuma a makaranta muke ce masa ciwon damuwa. Shekara uku na yi ina bincike a kansa don digirina na biyu, a ƙarƙashin Farfesa. Yanzu wani kamfani zai zuba shi a kwalba ya kai kanti.

Na ɗauki takardar na nufi ofishinsa, ko farar rigar aiki ban cire ba. Na tarar yana ɓare lemo a kan wata tsohuwar jarida. Bai ce in zauna ba, ni ma ban nema ba. Ya yi min bayani a hankali, kamar mai magana da ɗalibar aji ɗaya. Ya ce a matsayin shayi za a yi wa abin rajista. In aka ga gargaɗi irin wannan a jikinsa, hukuma za ta ce magani ne sosai, a sa shi a layin gwaji na shekara da shekaru, mai saye kuma ya tsorata. Ya ce shi ma ya karanta littattafan da na karanta, tun ba a haife ni ba. Amma duk abin da na gano, a cikin kwalbar gwaji na gano shi, da hantar ɓera. Babu shaidar cewa ƙarfinsa a jikin mutum ya kai inda nake tsoro.

"Kawo min mutum ɗaya," ya ce, yana tofar da ƙwallon lemo a tafin hannunsa. "Mutum ɗaya da ya sha, ya karya dokar taki, jininsa ya hau, kuma yana da takardar asibiti. Ba labarin tsohuwa ba. Kwamitin sashe zai zauna a kan maganar Laraba ta sama. Ki kawo shi, ni da hannuna zan mayar miki da layukanki."

Na san mutumin. Ni ce. Kuma duk ginin nan babu wanda ya sani.

Ina aji biyu a jami'a abin ya same ni. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya yaudare ni, ban faɗi jarrabawa ba, da ma ban taɓa faɗuwa ba. Haka kawai na wayi gari ɗaga hannu in taje kaina ya zama aiki. Na kwanta na juya wa ƙofa baya, wata huɗu. Abinci ya koma kamar takarda a bakina. Na ce wa 'yan ajinmu taifot ne, Umma ta ce wa maƙwabta taifot ne, har muka fara yarda mu ma. Sau ɗaya Umma ta ambaci asibitin ƙwaƙwalwa, murya ƙasa-ƙasa. Na ce mata gara a ɗauki gawata da a rubuta sunana a katin wurin. Ganin haka ta ɗauke ni a tasi ta kai ni wurin mahaifiyarta.

Ɗakin Kaka yana bayan layin teloli, ƙofarsa ƙarama, sai ka sunkuya. Gwangwanayen madara ne jere a kan katako, babu ko ɗaya mai rubutu, da hanci take gane su. Ga ƙaramin turmi, ga tabarma, ga kujera ɗaya ta baƙo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe Ƙi-faɗi ma tana faɗuwa. Sunan da take kirana ke nan tun ina rarrafe.

Kaka ba ta bai wa mutum maganin nan na fiye da kwana uku. Ko daga ina ka fito, ko me za ka ce. Ran na huɗu ka dawo, ta zaunar da kai ta fara: me ka ci jiya, me ka ci shekaranjiya, ka yi mura, wa ya ba ka ƙwaya. Ta ja fatar idonka ta duba, ta riƙe wuyan hannunka tana kallon rufi. In ba ta gamsu ba ta ce yau babu, ka tafi. Na ce mata na gane dabararta, kaɗaici ne yake damunta, tana neman abokin hira. Ta ce ni da ba na magana wace hira za ta samu a wurina, bangon ɗakin ma ya fi ni baki.

A sati na uku da fara shan maganin na ji yunwa. Ta gaske. A na biyar na yi wa ƙanwata faɗa a kan ta taɓa min littafi, Umma ta koma ɗaki ta yi kukan murna. Na koma makaranta ina zuwa wurin Kaka duk bayan kwana uku, ina amsa tambayoyinta da gatse. Dokokinta kuwa, a raina na ajiye su inda nake ajiye sauran zancen tsofaffi. Ni ce fa nake zuwa ta ɗaya a darasin sinadarai.

Sai mura ta kama ni ana saura kwana biyu gwaji. Na shiga kanti na sayi ƙwaya da ruwan maganin tari, na kora su da safe a kan na Kaka. Ba a yi awa biyu ba, ina zaune a aji, na ji kamar an sa gatari a ƙeyata. Zuciyata tana dukan haƙarƙari, fitilu suka rabu biyu, jini ya ɗiga daga hancina a kan littafi. 'Yan ajinmu biyu suka riƙe ni zuwa asibitin makaranta. Nas ta auna jinina, ta kalle ni, ta canza na'ura ta sake aunawa. Sannan ta tambaye ni ko ina shan wani abu ban da maganin mura, ko da na gargajiya ne. Waɗanda suka kawo ni suna tsaye a bakin ƙofa, kunnuwansu a buɗe. Na ce ba na shan komai. Ta rubuta.

Kaka ba ta yi min faɗa ba. Ta zo ta zauna a gefen gado ta kama ƙafata tana matsawa. Da za ta tafi ta ce, "Yanzu kin karanta, ko?"

Dalilin da ya sa na zaɓi maganin nan don bincike ke nan, ko da yake a takardar neman izini wani dalili na rubuta. Ina so in san me ya tashe ni, me kuma ya kusa kashe ni. Ashe abu ɗaya ne. A jikin mutum akwai wani sinadari da muke rubutawa da haruffa uku, MAO. Aikinsa shara. Yana share sinadaran da ke ɗaga zuciya in sun gama aiki, yana kuma share wasu abubuwa da ke shigowa ta abinci kafin su kai ga jini. Maganin Kaka ɗaure wa mai sharar hannu yake yi. Abin da ke ɗaga zuciya ya taru, mutum ya tashi daga kwance. Amma sauran tarkacen ma ba mai kwashe su, in kuma maganin mura ya shigo ya tarar da gida haka, jini ya yi sama ba birki.

Shekarar farko ban ga komai ba. Ina zuwa ɗakin gwaji ƙarfe bakwai, in niƙa hantar ɓera a cikin ƙanƙara har yatsuna su mutu, in jera kwalaben gwaji arba'in, in ɗiga, in jira. In mai sharar yana aiki ruwan ya koma rawaya, in an ɗaure shi ya tsaya fari. Wata goma sha ɗaya rawaya nake gani. Dogo, ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda ya shekara goma sha biyu yana wanke kwalabe da gyara injuna, ya ce in na ƙara wata ɗaya ɓerayen za su kai ƙarata. Hajiya Daidai yake kirana, don ba na yarda a ɗiga ko ɗigo ɗaya ba a auna ba. Farfesa ya ce in sauya batu. Na ƙi.

Ran nan Kaka ta tambaye ni yadda nake dafa maganin a ɗakin gwaji. Na ce da tataccen ruwa, yadda littafi ya ce. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce wata nawa na yi ina zaune ina kallonta tana matsa lemon tsami a tukunya. Na ce na ɗauka don ɗanɗano ne. Ta ce abin da ya fi maɗaci ɗaci, wane ɗanɗano lemo zai gyara masa. Satin da ya biyo baya na sa tsami a ruwan. Kwalabe arba'in suka tsaya fari tas. Dogo ya cire hularsa ya ɗora min a ka.

Daga nan bakin Farfesa ya fara sauyawa. Da bincikenki yake cewa, ya koma bincikenmu, a wani taro kuma na ji shi da kunnena yana cewa abin da na gano. Da takardar binciken ta fito a mujalla, sunana ne na uku, bayan na wani da bai taɓa shaƙar warin ɗakin ɓerayen ba. Kaka kuwa ta zama wata mai maganin gargajiya, a layi ɗaya na godiya. Duk na haɗiye. Na ce suna ba ya kashe kowa. Layukan nan huɗu su ne ba zan iya haɗiyewa ba.

Ranar Asabar kafin zaman kwamiti na je wurin Kaka. Na faɗa mata bincike nake yi, amma ban taɓa faɗa mata zancen kamfani ba, sai ranar. Tana daka wani abu, ta tsaya da taɓarya a hannu.

"Kwalba?" ta ce. "Ta wata nawa?"

"Ta wata ɗaya, Kaka."

"Kwalbar tana tambayar mutum me ya ci jiya?"

Na ce shi ya sa nake son a rubuta a jiki. Ta ce rubutu bai hana ni ba, ni da nake cin rubutu kamar abinci, balle wani. Sannan ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Tun ana goyon Umma, wani direban babbar mota ya yi mata magiya cewa tafiya ce a gabansa, ta ba shi na wata guda. Bayan sati biyu aka sauke shi daga mota bakinsa a karkace, bai ƙara riƙe sitiyari ba. Tun daga ranar ta yanke kwana uku. Na tambaye ta ko yana raye, ko akwai takardar asibiti. Ta ce wace takarda, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Na roƙe ta ta zo ran Laraba ta faɗa musu da bakinta. Ta ce za ta zo, ba don ni ba.

Litinin na je ɗakin ajiyar katuna na asibitin makaranta. Mai kula da wurin ta yi rabin awa tana tono kafin ta samo nawa. Lambobin jinin suna nan, sau biyu, an ja musu layi a ƙasa. A ƙarƙashinsu, da rubutun nas mai kwanciya gefe, an rubuta cewa majiyyaciya ta ce ba ta shan wani magani, na asibiti ko na gargajiya. Ina tsaye gaban injin kwafi na ga ɗan guntun farar takarda a ƙasa, daidai faɗin layin. Ɗora shi a kan layin kawai zan yi in danna. Na daɗe ina kallonsa. Na ce ni ba zan yi nasara da sata ba. Na kwafa yadda yake.

Kaka ta zo ran Laraba da zanenta mafi kyau, tana ƙamshin sabulu. A bakin ɗakin taro Shugabar sashe ta gaishe ta har da rusunawa, ta kira ta Mama, sannan ta ce ba 'yar kwamiti ba ce, ta ɗan zauna a benci, za a kira ta in buƙata ta taso. Na buɗe baki, Kaka ta taɓa hannuna ta zauna.

A ciki akwai Shugaba, da Farfesa, da wani likita, da mai kamfanin, Dogo kuma a ƙarshen teburi yana rubuta abin da aka ce. Na tashi tsaye. Na shirya jawabi mai lambobi, amma da na buɗe baki sai na ce mutumin da Farfesa ya nema ya zo, ga shi a gabansu. Na faɗi wata huɗun. Na faɗi gashina da ya cukurkuɗe har aka sa almakashi. Na faɗi kwana uku-uku, da murar, da jinin da ya ɗiga a littafi. Abin da na ɓoye shekara shida na zazzage shi a kan teburi cikin minti goma. Biron Dogo ya tsaya. Na miƙa katin.

Farfesa ya sa tabarau ya karanta. Ya fara da yabo, ya ce ba kowa ne yake da zuciyar yin abin da na yi ba. Sannan ya karanta layin nas da ƙarfi, a hankali, kalma-kalma. Ya ajiye takardar ya shafa ta da tafin hannu.

"To 'yata, da wacce za mu yarda? Ta wancan lokaci, ko ta yau?"

Na ce ƙarya na yi wa nas, don kunya. Ya gyaɗa kai kamar na taimake shi. Likitan ya ce, a gaskiya, maganin mura shi kaɗai ma yana iya ɗaga jinin wasu mutane, kuma kati bai ambaci komai ba sai shi. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Na ce a kira kakata, tana waje. Shugaba ta duba agogo ta ce maganar baki ba za ta canza abin da ke rubuce ba. Mai kamfanin ya sunkuyo ya tambaye ni da murya mai taushi ko yanzu na warke sarai, ko abin yana ɗan dawowa lokaci-lokaci. Shugaba ta ce aikin ya yi min yawa, ya kamata in huta.

Aka ɗaga hannu. Layukan suka tafi.

Saura abu ɗaya. Takardar rajista tana buƙatar sa hannun wanda ya yi gwajin. Farfesa ya turo min ita da biro a kai. Na ɗauki biron na rufe shi na ajiye masa a gabansa. Na ce hannuna na niƙa hanta ne, ba na wannan ba. Na fito na tarar da Kaka a inda na bar ta, awa biyu, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Ta dubi fuskata. Ta ce in nemo mata tasi, benci ya cinye mata ƙugu.

Bayan sati ɗaya Dogo ya sa hannu. Shi da kansa ya zo ya faɗa min, yana tsaye yana juya hula. Ya ce, "Ƙanwata, ni ba jarumi ba ne. 'Ya'ya biyar gare ni." Na ce na sani. Ban ƙara shan shayi da shi ba, bai ƙara ce min Hajiya Daidai ba.

Wata bakwai suka rage min in karɓi digiri, kuma ban yi fashin ko rana ɗaya ba. An karɓe mabuɗin kabad ɗin sinadarai daga hannuna, wai sabon tsari ne, amma ni kaɗai tsarin ya shafa. In na shigo ɗaki hira ta mutu. Mutanen da shekara uku suna ce min ina kwana suka koma ce min ya jiki. Kowace safiya, a matakala, a bakin famfo, ya jiki, da kai a karkace. Ina amsawa lafiya lau, ya naka jikin. Wata malama ta matsar da wuƙar yanka burodi daga gabana a ɗakin shan shayi, tana yi tana murmushi. Na ɗauko wuƙar na yanka mata burodin na miƙa mata. Ƙarfe takwas ina kan kujerata, ba aikin da aka ba ni, in zauna har huɗu da littafi a buɗe. Ba wanda ya ga hawayena a ginin nan.

Nauyin ya dawo a wata na uku, na ji tahowarsa tun daga nesa. Wannan karon na je asibitin da na rantse ba zan taka ba, na buɗe kati da cikakken sunana, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Da likita ya tambaye ni ko ina shan wani abu, na ce na koma shan na Kaka, na faɗa masa komai har da lemon tsami. Ya ce sai na bar na Kaka sati biyu cur kafin ya ba ni nasa. Na kai wa Kaka labari ina jiran ta ji haushi. Ta ce wannan likita uwarsa ta yi masa tarbiyya.

Na karɓi digiri. Farfesa bai rubuta min takardar shaida ba, ni ma ban hau matakalarsa na roƙa ba. A ɗakunan gwaji uku na nemi aiki, duk suka ce za su kira. Na samu aiki a wani kantin magani a bakin babban titi, ina bayan kanta daga safe zuwa la'asar.

Da damina kwalaben suka iso, katan shida. Takardar jiki koriya, da hoton ganye da wata mata tana dariya, da sunan Farfesa a ƙasa. Na juya kwalba ɗaya a hannuna. Inda layukana za su zauna an rubuta cewa daga tsirrai zalla aka yi shi. Aka jera su a kanta ɗaya da magungunan mura. Na kwashe na mayar can ƙarshe, mai kanti ya dawo da su, ya ce lokacin ruwa su biyun ne suke tafiya. Na yanka ƙananan takardu na rubuta layukan da hannu ina ɗaurawa da roba a wuyan kowace kwalba. Sati biyu aka yi, wakilin kamfani ya gani ya yi waya, mai kanti ya tsinke su duka ya zuba a kwandon shara. Ya ce in ina son wa'azi in nemi wani wuri. Saura bakina. Duk wanda ya ɗauki kwalba sai na tambaye shi me yake sha, ko yana mura. Layi ya yi tsawo, mai kanti ya yi ta ƙwanƙwasa kanta da zobensa.

Wata Talata da rana wata mata ta shigo, da alli a hannun rigarta, da alama daga aji ta fito. Hancinta ya yi ja. Ta ajiye koriyar kwalba da kwalin maganin mura tare. Na tambaye ta ko ta taɓa shan na kwalbar. Ta ce wannan ce ta biyu. Ta ce wata biyar ta yi ba ta iya tsayawa gaban ɗalibai, wannan abu ne ya tashe ta, Allah ya saka wa wanda ya haɗa shi. Na ji daɗi, na ji baƙin ciki, ban san wanne ya riga ba.

Na janye kwalin murar na ce ba zan sayar mata da shi ba. Na yi mata bayanin mai shara a gajarce, na ce ta sha ruwan ɗumi da zuma, ko ta ga likita ta faɗa masa abin da take sha. Ta ɗauki kwalbar ta juya ta, ta karanta gaba da baya, leɓenta yana motsi.

"Ba a rubuta ba," ta ce.

"Na sani, Malama. An cire ne."

"Ga sunan farfesa a jiki. Ke kin fi shi sani ne?"

"A wannan, eh."

Ta dube ni daga ɗankwali zuwa farar riga. Ta biya na kwalbar ta sa a jaka, ta ce gobe tana da aji shida, ba za ta tsaya tana jan hanci gaban yara ba. Ta fita. Ta gilashin ƙofa na ga ta tsaya a bakin titi tana jiran motoci su wuce. Akwai wani kantin magani a tsallake.

Na zagayo kanta na fita, mai kanti yana kirana. Na cim mata a tsakiyar titi, kan ɗan tudun da ya raba hanya biyu, motoci suna watsa mana ruwan sama da ya kwanta. Na ce mata ni ma na sha. Na ce ni ma na yi wata huɗu a kwance, shi ne ya tashe ni, kuma na haɗa shi da abin da za ta je saya yanzu, jini ya fito min ta hanci a cikin aji. Na ce ni ce na yi gwajin abin da aka zuba a kwalbar nan, da hannun nan. Sai da na ɗaga murya saboda ƙarar motoci, masu jiran tsallakawa suna juyowa.

Ta saurare ni har na gama. Fuskarta ta yi laushi, ta ɗan karkata kai. Ta taɓa kafaɗata da yatsu biyu.

"Allah ya ƙara sauƙi, ƙanwata," ta ce. "Ki riƙa hutawa."

Hanya ta buɗe, ta tsallaka. Na tsaya na ga ta tura ƙofar kantin ta shiga. Gilashinsu mai duhu ne, ba a ganin ciki. Na jira har wata babbar mota ta tsaya ta tare min gaba, da ta wuce ban san ko ta fito ba.

Na dawo da ƙafar wandona a jiƙe. Mutum bakwai ne a layi, mai kanti ya harɗe hannu yana kallon agogon bango. Ya ce wannan ne na ƙarshe, in na ƙara barin kanta in wuce gida kawai. Na ce na ji. Na goge hannuna, na koma wurina. Na gaba wani dattijo ne, ya ajiye koriyar kwalba a gabana. Na ɗora hannu a kanta na ce, "Baba, kafin in ba ka, me da me kake sha?"